Daga Bebeji Zuwa Doguwa: Gidajen da Ake Koyon Rawa

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ta hanyar Zariya, in ya wuce Kura da Ciromawa, zai ga ƙasa ta soma sakewa. Itatuwa suna ƙara kauri, ciyawa tana ƙara tsawo, gero yana ja da baya, masara da dawa da rake suna karɓe gonaki. Nan ne kudancin Jihar Kano, ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. A cikinsu akwai 'yan'uwanmu masu bi da yawa, galibinsu zuriyar Maguzawa, waɗanda ba a cika jin labarinsu ba domin gidajensu ba a bakin kwalta suke ba. Mun zaga wajensu bayan kaka, lokacin da rumbuna suka cika, bukukuwa suka kama. Abin da ya kai mu kuwa shi ne kiɗa da rawa. Wataƙila wani mai karatu ya ce, ina ruwan gidan Kirista da rawa? To, a yi haƙuri a biyo mu.

Bebeji tsohon gari ne na fatake. Daga nan ayari yakan tashi zuwa Gwanja neman goro, a nan kuma aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. A ƙasarta ne madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka gama a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ita ce take shayar da gonakin rani na Kadawa. Ba mu daɗe a garin ba. Amma a nan ne muka fara tambaya ko akwai makarantar koyon rawa, mutane suka yi mana dariya. A ƙasar Hausa ba a kafa wa rawa allon sanarwa. Gida ne makaranta, uba ne malami, sana'a kuma gado ce. Kamar yadda ɗan maƙeri yake tashi a bakin zuga-zugi, haka ɗan makaɗi yake tashi da ganga a kunnensa. Kowace sana'a da kiɗanta: gangar noma ta manoma ce, kalangu na mahauta da 'yan mata, dundufa ta maƙera. Aka ce mana, in rawar ƙafa muke nema, sai mu nausa ƙauyukan Ƙiru.

Bari mu ɗan bayyana abin da ake nufi da rawar ƙafa. Akwai rawar da jiki ne kawai yake bin kiɗa, akwai kuma wadda ƙafar mai rawa ita ma kayan kiɗa ce. Ta biyun nan ita ce ta masu koroso. Ana saƙa kaba a yi 'yan ƙananan jakunkuna, a zuba tsakuwa ko 'ya'yan itace a ciki, a jera su a igiya, a naɗe ƙafa da su daga idon sawu zuwa ƙwauri. Akwai kuma akayau, wanda na ƙarfe ne, aikin maƙera. Da mai rawa ya taka ƙasa sai ka ji cas, cas, cas, ganga tana magana ƙafa tana amsawa, sarewa tana bi ta sama, lalajo yana cike tsakani. Daga wannan abin ƙafa ne rawar koroso ta Kano ta sami sunanta. Tun zamanin manyan bukukuwan al'adu, irin FESTAC da aka yi a Legas a 1977, gwamnatoci suka riƙa tara masu rawa suna kai su gari-gari, har koroso ta zama rawar da ake sanin Kano da ita. Amma tun kafin ta hau dandamalin gwamnati, taka ƙasa da abin kaɗawa a ƙafa tsohon abu ne a dandalin ƙauye.

Ba mu kaɗai ne muke da irin wannan ba. A Ingila, ma'aikatan masaƙun auduga na Lankasha suna sa takalman katako, da su kuma suka riƙa buga daɓe suna fitar da kiɗa, har abin ya zama rawa da ake gasa a kanta. Irin waɗannan masaƙu ne Turawa suka riƙa kai wa audugar ƙasar nan a zamanin mulkinsu. A Amurka ma, a duwatsun Afalaciya, akwai rawar bugun ƙafa wadda a yau ake yi da takalmi mai 'yan ƙarafa a gaba da dunduniya, kuma ba abin mamaki ba ne ka tarar da iyali guda, uwa da 'ya'ya, su ne malaman makarantar koyar da ita. Su suna biyan kuɗin wata. Namu kuwa dami ne na dawa, ko yinin gayya a gonar malami.

Gidan da aka kai mu yana can bayan an ratse daga Kwanar Ɗangora, babban gida ne irin na Maguzawa, sassa da yawa a cikin danga guda, rumbuna a tsakiya. Maigidan tsoho ne, ganinsa ya ragu, amma kunnensa yana nan garau. Da la'asar aka share ƙofar gida, aka yayyafa ruwa saboda ƙura, yara suka taru, na gida da na maƙwabta. Babban ɗansa ne yake riƙe da ganga, ƙanensa yana busa sarewa. Uwargida tana gefe da 'yan mata, surukarta tana saƙa kaba a kan tabarma. Shi tsoho yana zaune a kan turmi da 'yar sanda a hannu, ba ya dukan kowa da ita, ƙasa yake bugawa.

Koyarwar tana da tsari, ko da yake ba wanda ya rubuta shi. Ƙaramin yaro ba ya shiga fili. Aikinsa zama da tafi, har sai hannunsa ya san inda kiɗa yake faɗuwa. Daga nan a bar shi ya taka ƙasa da ƙafa tsirara, a bayan manya, wata da watanni. Sai an ga ƙafarsa ta zauna sa'an nan a ɗaura masa koroso. Muka ce, "Baba, me ya sa ba a ɗaura musu tun farko, ko don su ji daɗi?" Ya ce, "'Ya'yana, koroso ba ya rufa wa kowa asiri. Ƙafa tsirara in ta kuskure, mai ita kaɗai ya sani. In da koroso, gari duka ya ji." Muna cikin magana sai ya ɗaga sanda, kiɗa ya tsaya cak. A cikin yara wajen goma sha biyu ya kira sunan guda, ya ce ƙafarsa ta hagu tana riga ganga sauka. Bai gan shi ba, jinsa ya yi. Yaron ya durƙusa ya ce, "To, Kaka," aka sake daga fari.

Wajen 'yan mata ya fi natsuwa, amma bai fi sauƙi ba. Uwargida ba ta yarda yarinya ta dubi ƙafarta. Takan ɗora mata ƙoƙo a ka, in ƙoƙo ya faɗi ta koma layin masu tafi. Ta ce mana haka kakarta ta yi mata.

Da dare ya yi, bayan an ci tuwo an yi addu'a, tsoho ya ba mu labarin da ya fi rawar nauyi. Ubansa makaɗin gayya ne, shi ne yake zuga samari a bakin kunya da gangar noma, yana wasa sarkin noma. Amma kuma ana kiransa wajen shan giya, wani lokaci har inda ake hawan bori. A wancan zamani abubuwan nan a cuɗe suke. Da bishara ta shigo da ƙarfi cikin Maguzawa, musamman a shekarun 1970, shi yana saurayi ya ba da gaskiya. Aka ce masa mai bi ba ya kiɗa. Ya rataye gangar ubansa a cikin rumbu, ta yi shekaru a can har gara ta ci fatarta. A mujami'a kuwa sai waƙoƙin littafi, ana tsaye ƙiƙam, hannuwa a gefe.

Ba mu ga laifin masu bi na fari ba, kada kuma matasanmu su yi saurin ganin laifinsu. Mutumin da ya fito daga tsoron iskoki jiya, in ya ji garaya da caki zuciyarsa takan koma can. Sun san abin da suka gudo wa, mu kuwa labari muke ji. Amma gaskiya ita ce an zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi. Kiɗan noma ba na bori ba ne. Gaɗar 'yan mata a farin wata ba tsafi ba ce. Littafi Mai Tsarki kansa bai yi wa rawa kuɗin goro ba. A Fitowa sura 15 Maryamu, 'yar'uwar Haruna, ta ja mata da kiɗa da rawa bayan an haye teku. A 2 Sama'ila sura 6 sarki Dawuda ya yi rawa a gaban akwatin alkawari, wadda ta rena shi kuwa ita ce ta yi hasara. A cikin misalin ɗan da ya ɓace, a Luka sura 15, kiɗa da rawa ne wan ya jiyo daga gidan ubansu. Amma a cikin Fitowa ɗin nan, sura 32, an yi rawa a gaban ɗan maraƙin zinariya, a Markus sura 6 kuma rawar 'yar Hirudiya ce ta jawo aka fille kan Yohanna Mai Baftisma. Ashe tambayar ita ce, a gaban wa ake rawar, wa kuma take faranta wa rai.

Mata ne suka buɗe ƙofar. Zumuntar Mata ta shigo da tulu da caki da tafi cikin sujada, suna rangaji suna kai baiko, ba wanda ya iya hana su. Da tsoho ya ga haka sai ya je wurin dattawan ikilisiya ya roƙi izini ya sake wa gangar ubansa fata. An yi ta kai da kawowa kafin a yarda, shi ma kuma ya kafa wa gidansa doka. Ba sa zuwa inda ake dafa giya. Ba sa kiɗan da aka san na kiran iska ne, ko nawa za a biya. 'Yan mata ba sa kwana a wajen biki, kafin dare ya raba an komo da su. Ran Lahadi ba a zuwa kiɗan kuɗi. Dokar nan ta rage musu samu ƙwarai, gama bukukuwan da aka fi yin liƙi su ne waɗanda suka ƙi.

Daga Kafin Maiyaƙi muka kama hanyar Jos zuwa Tudun Wada, ƙasar shinkafa da masara. A ƙasarta ne Karefa take, inda masu bi suka daɗe. Garin Tudun Wada ya ga baƙin ciki a rikicin Satumba 2007, lokacin da aka ƙone mujami'u aka yi hasarar rayuka, kuma masu bi na nan mutane ne masu taka tsantsan. Wani dattijon ikilisiya ya gaya mana a fili cewa shi har yanzu bai gamsu ba. Ya ce yaron da ya saba da tafi da yabon mutane, wuya ne ya zauna a aji ko a gona, kuma daga rawar Kirsimati zuwa rawar gidan giya tafiyar ba ta da nisa. Maganarsa tana da hujja, ba mu yi masa gardama ba. Sai dai mun lura da wani abu a bikin aure da muka halarta a wannan yanki. Ba ganga, ba sarewa. An yi hayar janareta da manyan lasifikoki, wani saurayi yana sako waƙoƙi daga waya, waɗansunsu ba su dace da kunnen yaro ba, yara kuwa suna ta rawa, ba kaka ba uwargida da za ta ce a tsaya. Yara ba su daina rawa ba don an rataye ganga. Malamin kawai suka sake.

Wannan lasifika ita ce kuma take cinye abincin gidajen makaɗa. Mai biki yana ganin ta fi araha, ba ta cin tuwo, ba ta gajiya. Jikokin tsoho biyu da suka fi kowa iya taka ƙasa suna Kano, ɗaya yana tuƙa A Daidaita Sahu, ɗaya yana gadi. Sai Kirsimati suke zuwa.

Bayan Tudun Wada hanya takan shiga dajin Falgore, wajen kilomita 150 daga Kano, inda kogin Kano yake ratsawa kafin ya zuba a Tiga. A shekarun baya ɓarayin shanu da 'yan fashi sun addabi dajin, don haka direbanmu ya ce a ƙetare shi da rana tsaka, muka kuwa bi maganarsa. Da ka fita sai duwatsu su tare ka, iska ta yi sanyi, ka san ka kusa ƙasar Saminaka. Riruwai, hedkwatar Doguwa, garin haƙar kuza ne tun da daɗewa, kuma haƙar ma'adini takan tara baƙi daga ko'ina, kowa da kiɗan garinsu.

A wani ƙauye kusa da Doguwa muka tarar da 'yar tsohon nan na Ƙiru, wadda aure ya kawo ta. Ita ce take koya wa 'yan matan ikilisiya rawar da za su yi ran bikin godiya na kaka, a harabar mujami'a, fasto yana kallo daga ƙarƙashin mangwaro. Ƙoƙon yana nan, layin masu tafi ma yana nan. Abin da ya bambanta shi ne abin ƙafa. Goruba ta fi son ƙasa mai rairayi ta arewa, a nan kudu kaba sai an saya, don haka sun huda marafan kwalba sun jera a waya. Ƙararsu ta fi kaifi, suna kuma yanka fata in ba a sa tsumma a ƙarƙashi ba. Ta ce ubanta ya taɓa zuwa ya saurara, ya ce wannan ba koroso ba ne, hayaniya ce, amma bai hana ta ba.

Wanda yake so ya gani da idonsa, lokacin da ya fi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, bayan an gama girbi. Ya fara sauka wurin faston ƙauyen, shi zai haɗa shi da masu gida. Ya je da bargo, gama sanyin Doguwa a watan Disamba ba wasa ba ne. In kuwa daga wajen Kano ko Katsina zai taso, kada ya wahalar da kansa da sayen burodi don tsaraba. Ya ɗauro musu damin kaba.