Kowane Ƙugi da Ma'anarsa

Mutumin da ya haɗa amfilifaya da hannunsa yakan san muryarta kamar yadda uwa ta san kukan jaririnta. Tawa na haɗa ta a nan Kete Krachi, cikin akwatin katako, da kayan tsohuwar rediyo. A bayanta na huda ƙofofi biyu. Ta ɗaya muryar jita takan fita zuwa akwatin da ke sa mata amsa-kuwwa, ta ɗayar kuma ta komo kafin a ƙara mata ƙarfi ta shiga lasifika. A wannan hanyar zagaye ne surutu ya fi son ɓuya, gama wayoyinta dogaye ne, kuma tana haɗa na'urori biyu.

Abin da shekaru suka koya mini shi ne, kowace ƙara tana faɗin inda ta fito. Tun daga madatsar Akosombo, wadda aka gama a 1965, wadda tafkinta ya ci tsohon garinmu, har Salaga da Yendi da Bawku, lantarki iri ɗaya ne. Ƙarfinsa bolt 230 ne, yana kuwa kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Saboda haka in ka ji ƙugi mai kauri wanda ba ya hawa ba ya sauka, lantarkin bango ne ya sami hanyar shiga. In ƙugin ya fi wannan kaifi, sau 100 ke nan, yawanci manyan kwandensa masu tace wuta ne suka gaji. In fito ne, duba ko wayar fita da ta komowa suna kwance jiki da jiki a cikin akwati. In ƙaraƙas ne, tsatsar damina ce ko ƙurar hunturu a bakin soket.

Ana saura kwana uku bikin auren 'yar maƙwabcina, matasan da za su yi kiɗa suka aro akwatin amsa-kuwwa daga Yendi. Da aka jona shi, sai amfilifaya ta kama gurnani har ta danne jitar. Wani yaro a cikinsu ya ɗauko filaya, ya ce, "Baba, bari in karya doguwar ƙafar fulogin nan, yanzu za ta yi shiru."

Na ce, "Ɗana, za ta yi shiru, amma ajiye filayar."

Ya mai karatu, ka riƙe wannan. Doguwar ƙafar ita ce wayar ƙasa. Ran da wayar wuta ta kuɓuce ta taɓa jikin ƙarfe, ita ce za ta kwashe wutar har fis ya tsinke. In babu ita, wutar za ta bi igiyar jita ta sami yatsun mai kaɗawa, gama tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya. Haka Keith Relf, mawaƙin Ingila, ya mutu a gidansa a 1976, yana kaɗa jita.

Sai muka bi abin sannu a hankali. Da fari na cire akwatin aro, na haɗa ƙofofin biyu da gajeriyar waya. Shiru. Ashe amfilifaya lafiyarta lau. Na mai da akwatin, na canja wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ƙugi yana nan. Sa'an nan na lura an jona akwatin a wani soket can ƙarshen ɗaki. Ga dalilin ke nan: na'urorin biyu sun haɗu ta wayar ƙasa, sun kuma sāke haɗuwa ta ragar tagulla da ke lulluɓe da wayoyin sauti. Hanyoyin nan sun zama zobe, zobe kuwa yakan kwashi ƙugin lantarki ya zuba cikin waƙa.

Muka jona su a soket guda, ƙugi ya ragu ƙwarai. Na kwance ragar tagulla a baki ɗaya na wayar fita kaɗai, na bar ta wayar komowa a haɗe, sai sauran ya ɗauke. Ba a taɓa ƙafar fulogi ko ɗaya ba. Aka yi biki, jita ta yi ta amo har dare.

Ga shawarata ga mai irin wannan aiki. Ka canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, domin in ka taɓa uku tare, ba za ka san wanda ya warkar ba. Kafin ka sa hannu cikin akwati, ka zare fulogi, ka kuma sauke wutar kwandensa, gama sukan riƙe ta bayan an kashe. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ƙugi kunne kaɗai yake damu, amma wayar ƙasa rai take tsaro.