Zane daban, gini daban

'Yan'uwa masu shirin fita SIWES, musamman 'yan injiniyanci, ku ɗan tsaya.

A makaranta in an ba mu zanen gini aka ce mu fitar da hanyar bututun iska, komai a miƙe yake. Ka ja layi daga na'urar sanyi zuwa ɗakuna, ka yi lissafi, ka karɓi makinka. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa gini yana canzawa ya bar takarda a baya.

Ni a Gwarinpa na yi wata shidana. Unguwar nan tun zamanin Abacha aka gina ta don zaman iyali, amma yau bi ta 3rd Avenue ka gani: gida ya koma kanti, ya koma asibiti, ya koma gidan abinci. Wannan ya fasa bango, wancan ya ƙara ɗaki, zane kuwa yana nan jiya i yau.

Wani gida ake mayarwa ofis. Zane ya ce bututu mai faɗin milimita 600 da kaurin 300 zai wuce ta saman korido lafiya lau. Ogana, wanda ko digiri ba shi da shi, ya ce ba a yanka masa kwano ko falle ɗaya sai an buɗe silin. Ana buɗewa sai ga bim ya gitta, babu shi a takarda sam. Milimita 250 kawai ya bari. Cire 50 na soson da ake naɗe bututu da shi, saura 200.

Mai gida ya ce, "A ɗan sassaƙe shi mana."

Oga ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Rodin da ke cikinsa shi ke riƙe da benenka."

To a nan fa karatu ya yi rana. In ka matse bututun ya koma 600 da 200, gudun iska ya ƙaru da rabi, asarar matsi ta haura ninki biyu, ga ƙara, ɗakin ƙarshe kuma zufa. In ka baje shi 900 da 200, faɗi ya wuce ninki huɗu na kauri, abin da ake gudu kenan. Ina ta danna kalkuleta, Oga ya leƙo ya ce, "Injiniya, raba shi biyu." Biyu masu 450 da 200, su sake haɗewa bayan bim. Wallahi da na gama lissafin, can na sauka.

Shi ya sa nake jin takaicin masu zama a gida su cike littafin rahoto da ƙarya. Ku sayi tef da tocila, ku hau tsani.

Kafin in tafi na sake zana koridon yadda yake a zahiri, har da bim ɗin. Kwafi ɗaya na mai gida, ɗaya yana cikin rahotona.