Keken baduku ya koma bakin aiki

'Yan'uwa manoma da makiyaya, ga labarin wani saurayi na Gazawa da keken ɗinkin takalma na kakansa.

Kakan nan baduku ne. Yana zaune da kekensa a bakin babbar hanyar da ta fito daga Maraɗi, ta bi ta Agye, ta wuce Tasawa. Manomi ya kawo takalmi, Bafillace ya kawo kube, mai doki ya kawo linzami. A shekarar 1984 ruwa ya ƙi, aka yi yunwar da mutane ke kira El-Buhari. A shekarar nan Najeriya ta rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai 1986. Wanda bai ci ba ba ya gyaran takalmi. Tsoho ya rufe keke da buhu, ya tafi neman abinci. Da ya dawo, ido ya yi rauni. Keke ya zauna bayan rumbu har tsoho ya rasu.

Bara da rani hatsin gidan ya ƙare da wuri. Saurayi ya yi niyyar tafiya ci-rani, amma babu kuɗin mota. Sai ga mai sayen tsohon ƙarfe ya shigo unguwa da sikelinsa. Ya ɗaga keke, ya ji nauyi, ya taya. Kuɗin da ya faɗa ba su kai na tiya goma ta hatsi ba.

Tsohuwa na zaune a ƙofar ɗaki. Ta ce: "Ɗan nan, da keken nan aka yi auren ubanka. Ka ba shi wata ɗaya. In bai tashi ba, ka sayar, na yafe."

Ya ce: "To, Kaka."

Ya jawo keke inuwa, ya goge ƙura. A jikinsa ya karanta SINGER, ya ga lamba 29K. Irin wannan keke a ƙasar Sikotilan aka ƙera shi, a garin Kilaidiban. An rufe masana'antar tun 1980, amma kekunanta na nan suna aiki a ƙasashe da yawa.

Keken baduku ba kamar na tela yake ba. Yana da dogon hannu siriri wanda ke shiga har cikin bakin takalmi. Ƙafarsa da ke danne fata tana juyawa kowane gefe, ita ce kuma ke jan fatar. Saboda haka mai ɗinki ba ya juya takalmi, ƙafar yake juyawa. Kwarkwaronsa ɗan ƙarami ne, ba ya ɗaukar zare da yawa, don wurin zamansa a ƙarshen hannun nan matsattse ne.

Saurayi ya kama hannun juyawa, ya ƙi motsi. Tsatsa ta cinye ko'ina, zanzaro ya yi gida a ciki. Ya yi fushi, ya ɗauko guduma, ya bugi ƙafar teburin don ya raba shi da kan keke. Nan take ƙafar ta tsage gida biyu.

Ya kai wa maƙerin unguwa. Maƙeri ya duba, ya girgiza kai. Ya ce: "Yaro, wannan ƙarfen zubi ne. Ba ya lanƙwasa kamar ƙarfen hauya. Karyewa yake yi kamar tukunyar ƙasa. Ka yi wa Allah godiya da ba kan keken ka buga ba. Ajiye guduma, nemo kananzir."

Ya samo kananzir. Safe da maraice yana ɗiga shi a kowace gaɓa da kowace kusa. Ba ya tilasta komai. Kwana shida babu labari. Ran na bakwai ya taɓa hannun juyawa, ya ji ya ɗan motsa. Ya yi ta kai shi gaba, yana maido shi baya, har ya zagaya.

Daga nan ya fara kwancewa. Ya jera gwangwanayen tumatir a kan tabarma. Abin da ya fara cirewa ya sa a gwangwani na 1, na biye a na 2, har zuwa ƙarshe. Ya rubuta wurin kowanne a littafinsa. Ya wanke su da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Inda zare ke bi, ya goge da takardar yashi mai laushi har ya yi santsi, domin tsatsa kaɗan ta isa ta tsinke zare.

Wani maƙwabci ya ce masa ya zuba man gyaɗa. Telan kasuwa ya hana shi. Ya ce man gyaɗa yana yin danƙo in ya daɗe, ya kama ƙura, ya sake ɗaure keke. Ya ba shi man keke a 'yar kwalba, ya ce ɗigo ɗaya ya isa kowane rami.

Da ya haɗa komai, ya sa allurar tela. Keke ya yi ta huda fata, zare bai kama ba. Ya kwana biyu ba ya cin tuwo da daɗi. Saura kwana tara wata ya cika, mai sikeli kuma ya sake leƙowa. A ƙarshe ya sayar da zakaransa, ya hau mota zuwa Maraɗi wurin masu sayar da kayan keke. Can aka nuna masa: gindin allurar tela yana da gefe ɗaya shimfiɗaɗɗe, na wannan keke kuwa kewayayye ne. Ta fata ana kiranta 29x4, bakinta yana yanka. Aka ce ya sa dogon tsaginta ya dubi hagu.

Ya dawo, ya sa allura yadda aka faɗa. Ya ɗaure kan keke a kan katako mai kauri, tunda tebur ya karye. Ya ɗauko tsohon takalmin tsohuwa wanda maɗaurinsa ya cire, ya juya da hannu. Zare ya kama sama da ƙasa. Tsohuwa ta ji ƙarar daga cikin ɗaki, ta fito ba ko mayafi. Ta sa takalmin, ta taka, ba ta ce komai ba, sai hawaye.

Yau saurayi yana zaune a bakin hanya, kusa da inda kakansa ya zauna. Mutane da yawa takalmin roba suke sawa yanzu, amma aiki bai ƙare ba. Ana kawo masa jakar 'yan lakkol, da kujerar babur, da kube, da takalman makiyaya. Bai yi arziki ba. Amma ya sayi hatsin da ya kai gidan har kaka, kuma da ruwa ya sauka yana gida, ya yi shuka a kan lokaci. Teburin na nan a karye. Yana tara kuɗin mai walda wanda ya san ƙarfen zubi.

'Yan'uwa, a gidaje da yawa akwai tsohuwar garma, ko injin ban-ruwa, ko keke, a yashe bayan rumbu. Kafin mai sikeli ya zo, a duba da kyau, a tambayi wanda ya sani. Kada a fara da guduma. Mahaƙurci shi ke dafa dutse ya sha romonsa.