Soket ɗin Caja: A Kano Ana Son Ya Kwana da Wuta, a Jamus Ana Son Ya Mutu

Ramin nan da ke gaban mota, wanda aka yi tun asali don kunna sigari, yau caja kawai ake soka masa. Wutarsa bolt 12 ce, amma ba kowace mota ke ba shi ita a lokaci ɗaya ba. A motocin Japan, irin su Toyota da Honda, galibi sai an murɗa makulli yake samun wuta, ana zarewa ya mutu. Manyan motocin Amurka da dama, da wasu tsofaffin motocin Turai, nasu dare da rana da wuta yake.

Tun zuwana Jamus na lura cewa abin da Bajamushe ke ɗauka matsala, shi muke biyan kuɗi a yi mana a gida. A Kano ko Kaduna, mutum zai kai motarsa wurin mai rewaya ya ce, "Malam, a mayar mini da shi dairek." Dalilinsa a fili yake: an kwana biyu ba a kawo wuta ba, waya ta mutu, ga batir a ƙofar gida. Direban haya da ke jiran layi a tasha ma ba zai bar inji yana shan mai don cajin waya ba. A nan kuwa wutar gida ba ta yankewa, don haka soket mai kwana da wuta ba shi da wani amfani sai ɓarna.

Ɓarnar kuma lissafi ce. Ƙaramar kyamarar da ake maƙalawa a gilashin gaba a jona ta a soket ɗin tana iya jan kusan rubu'in amp. A kwana guda amp-awa 6 ke nan, a mako 42, alhali batirin ƙaramar mota duka-duka bai wuce 60 ko 70 ba. Mutane da yawa a biranen nan jirgin ƙasa suke shiga zuwa aiki, mota ta yi mako a ajiye, ga sanyin hunturu da ke rage wa batir ƙarfi. Ƙungiyar direbobi ta ADAC, mai kai ɗauki idan mota ta mace a hanya, alƙalumanta na shekarun nan sun nuna batir ne sanadin fiye da kashi 40 cikin ɗari na kiran da take samu. Kuma babu matasan unguwa da za ka ce su taimaka da turi. Ko da akwai, otomatik ba ta tashi da turi. Akwai kuma batun doka. A 2018 babbar kotun tarayya ta yarda a karɓi hoton irin wannan kyamara a matsayin shaida, amma ta ce ɗaukar mutane ba ƙaƙƙautawa ba tare da dalili ba ya saɓa wa dokar kare bayanai. Wa zai so kyamararsa ta kwana tana ɗaukar ƙofar maƙwabci?

Kowa da buƙatarsa, ban ga laifin kowa ba. Inda nake da magana shi ne yadda ake aikin.

Jamusawa sun raɗa wa layukan wutar mota lambobi: 30 shi ne mai zuwa kai tsaye daga batir, 15 mai jiran makulli, 31 na jikin mota. Aikin duka shi ne a ɗauke soket daga 30 a mayar da shi 15. Ana buɗe akwatin fis, a bi da tasta a gano wanda ke mutuwa idan an zare makulli, sai a sa wani ɗan mariƙi mai ɗaukar fis biyu, ɗaya na tsohon layi, ɗaya na sabo. Ba a yanka waya ko ɗaya. Idan abin da za a jona mai jan wuta ne sosai, kamar ƙaramin firij, sai a sa rile: layin makulli ya zama mai ba da umarni kawai, wutar ta taho daga batir ta fis ɗinta. Layin birki da na jakar iska ba a kusantarsu. Da yake kuɗin aikin gareji a nan yakan haura Yuro 100 a awa, da yawa su suke yi da kansu ranar Asabar.

Masu rewayarmu ba su gaza a basira ba. Na ga wanda da ƙwan fitila ɗaya da guntuwar waya yake gano matsalar da a nan sai an jona kwamfuta. Amma sau da yawa dairek ɗin nan fiƙe waya ne a murɗa da wata a naɗe da salatif, a tsallake fis gaba ɗaya. Idan kuma fis ya ƙone, sai a cusa silin waya a gurbinsa. To fis ɗin an sa shi ne don ya ƙone kafin waya ta ƙone. Idan babu shi, sai tsabar kuɗi ɗaya ta faɗa cikin ramin soket, waya ta yi ja a bayan dashbod, mota tana ajiye kowa yana barci.

Fis ba tsada gare shi ba, ko a Ƙofar Ruwa ko a Panteka, kuma launinsa ke faɗin ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20. Duk wanda zai kai motarsa, dairek yake so ko na makulli, ya tsaya a kan aikin, ya ce a nuna masa fis ɗin sabon layin kafin a mayar da murfi.