Wasiƙa Zuwa ga Auta: Yadda Ake Sa Kwamfuta Ta Maimaita Aiki



Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna da Baba da kowa da kowa a Bebeji. Mu nan Kano lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na ga hoton aikin da kika turo, na karanta layi-layi. Kin rubuta kwandunan tumatirin da Baba ya kai Kwanar Gafan, kowace rana da layinta, kina tarawa ɗaya bayan ɗaya, har kika gaji kika ce ko dai shirya manhaja ba naki ba ne. Naki ne, Auta. Gajiyar nan da kika ji ita ce alamar kin iso wurin da ake koyon lup, wato umarnin da ke sa kwamfuta ta yi ta zagayawa kan aiki guda har ta kammala. Duk lokacin da kika ga hannunki yana rubuta abu ɗaya sau uku, ki dakata, akwai lup a wurin.

Ki tuna Inna da carbinta bayan sallah. Abin da take faɗa bai canza ba, ƙwayar da ke hannunta ce take canzawa, kuma ta san inda za ta tsaya, wato 33. Abubuwa ukun nan su ne kan maganar gaba ɗaya: abin da ake maimaitawa, abin da ke canzawa a kowane zagaye, da inda ake tsayawa.

Mu ɗauki kwana huɗu kawai daga littafin Baba, mu ce kwando 12, 9, 15 da 7. A Python ga yadda za ki rubuta:

kwanduna = [12, 9, 15, 7]
jimla = 0
for k in kwanduna:
    jimla = jimla + k
print(jimla)

Kada ki yi saurin danna shi a waya. Ɗauko takarda da biro, ki ja layi a tsakiya, gefe ɗaya ki rubuta k, ɗaya gefen jimla. Kafin a fara, jimla sifili ce. Zagaye na farko k ta zama 12, jimla ta zama 12. Na biyu k ta zama 9, jimla ta koma 21. Na uku 36, na huɗu 43. Jerin ya ƙare, lup ya tsaya, sai a buga 43. In kin gama, sai ki buɗe Pydroid ɗin da na sa miki ki gani ko amsarku ta zo ɗaya.

Wannan bin sawu a takarda shi ne abin da na fi so ki riƙe daga wasiƙar nan, kuma ina da dalili. A shekarar 1843 wata mata a Ingila, Ada Lovelace, ta wallafa matakan lissafi da ta tsara wa injin Charles Babbage, kuma a ciki akwai rukunin matakai da ake komawa a maimaita. Injin nan ba a taɓa kammala ƙera shi ba. Ba ta ga aikinta ya gudana a kan wata na'ura ba, a jadawali ta shimfiɗa shi, tana nuna abin da kowane gurbi yake riƙe da shi a kowane mataki. To ke ma ranar da babu wuta, waya ta mutu, karatunki bai tsaya ba.

Yanzu gwada wani abu da gangan. Ɗauke layin jimla = 0 ki tura shi cikin lup ɗin, sama da layin tarawa. Za ki samu 7. Me ya sa? Saboda kowane zagaye kina share abin da kika tara, sai na ranar ƙarshe kaɗai ya rage. Python ba za ta yi miki ƙorafi ba, don ba ki karya mata doka ba, amsar ce kawai ba daidai ba, kuma irin wannan kuskuren ya fi wanda ke fito da jan rubutu haɗari. Haka kuma ki kula da ɗan filin da ke gaban layin tarawa. A Python wannan matsawar ce take nuna abin da ke cikin lup da abin da ke waje. In kika matsar da print ciki, za ta buga jimla sau huɗu. Ba laifi ba ne, hasali ma hanya ce mai kyau ta leƙa abin da ke faruwa a kowane zagaye.

Sai range, wadda take rikita kusan kowa da farko. In kika ce range(5), za ta ba ki 0, 1, 2, 3, 4. Lambobi biyar ne, amma daga sifili ta fara, kuma ba ta taɓa 5 ba. In kina son 1 zuwa 12, sai ki ce range(1, 13). Ki gwada da jadawalin sau bakwai har ya zauna miki.

Akwai lup na biyu, while, na lokacin da ba ki san yawan zagayen ba, sharaɗin tsayawa kawai kika sani. A ce kina ajiye naira 5,000 duk mako, kina son ki kai 60,000:

ajiya = 0
mako = 0
while ajiya < 60000:
    ajiya = ajiya + 5000
    mako = mako + 1
print(mako)

Zai ce miki 12. Amma in kika manta layin ƙara ajiya, kuɗin ba zai motsa daga sifili ba, sharaɗin ba zai taɓa sauyawa ba, lup ɗin zai yi ta juyawa, wayar ta ɗau zafi, caji ya zube. Kada ki tsorata in ya faru, danna maɓallin tsayarwa kawai. Kafin ki rubuta while ko wane iri, ki tambayi kanki: wane layi ne a ciki yake matsar da ni kusa da fita?

Wataƙila ki ce lamba huɗu ai da ka ma za ki tara. Gaskiya ne. Amma dubi madatsar Tiga da ke kusa da mu, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, wadda ruwanta yake shayar da gonakin Kadawa. In da za a ba ki awon tsayin ruwanta na kowace rana tun daga lokacin har 2024, lambobi sama da 18,000 ke nan. Layukan nan da kika tara kwandunan Baba da su, su ne dai za su tara waɗannan, jerin kawai za ki sauya. Abin da ya sa na ƙaunaci sana'ar nan ke nan, kuma shi ya sa nake baƙin ciki in na ga yankinmu, daga Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa, cike da lissafin noma da kasuwa da adashi a cikin littattafan da ruwa ko gara ke iya cinyewa, alhali yaranmu za su iya wannan aikin.

Na san ƙawayenki suna tambayar manhajojin nan masu ba da amsa, su kwafo, ya yi aiki. Ban hana ki tambaya ba, amma sai bayan kin yi naki a takarda. Wanda bai iya bin lup zagaye-zagaye ba, ba zai gane ranar da aka ba shi amsar banza ba.

Ga aikin da na ba ki kafin in zo. Ki roƙi Baba littafin nan, ki shigar da kwandunan wata guda. Ki fitar da jimla, sannan ki nemo ranar da aka fi samun kwando da yawa, ba tare da amfani da max ba, wato umarnin Python da ke fitar da lamba mafi girma. Ɗan haske: ki ajiye lamba ta farko a matsayin babba, a kowane zagaye ki gwada ta da sabuwar. Ki turo mini hoton takardar tare da na wayar. In kin gama ki karanta wa Baba sakamakon ya gwada da nasa lissafin, don ya fi mu sanin abin da ya kai kasuwa.

Ki gaida Inna da kyau, ki ce mata saƙonta ya iso. Ki gaida Baba da su Gwaggo. Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki ƙwaƙwalwa.

Naki,
Yayanki