Ɗalibi, Fara Lissafi Daga Ƙofar Fita

Na tsufa a cikin koyarwa, kuma babban abin da na lura da shi game da yaranmu shi ne, hankalinsu duka yana kan yadda za su shiga jami'a. Kaɗan ne ke tambayar abin da ke jiransu ranar fita. Yaro zai cika fom ɗin JAMB ya rubuta likitanci don gida suna son a ce ɗansu likita ne. Ba wanda ya tambaye shi ko zai iya kwana a tsaye kan mara lafiya.

Guraben likitanci kuwa ƙididdigaggu ne, domin hukumar kula da aikin likitoci ce ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka. In yaro bai samu gurbi ba, sai a tura shi sashen noma ko kimiyyar tsirrai, ya shiga aji da ɓacin rai, ya ɓata shekarar farko yana jiran canjin kwas. A nan asarar take farawa.

Na sha ganin irinsu sun shigo ofis bayan sun kai aji uku, takardar sakamako a nannaɗe a hannu, murya ƙasa-ƙasa: "Malam, har yanzu da sauran dama?" Sai in ɗauki biro mu yi lissafi tare. A ma'aunin maki 5, sai da 4.50 ake samun daraja ta ɗaya, 3.50 kuma ita ce mafarin babbar daraja ta biyu. Wanda ya yi shekara biyu yana kan 2.00, ko da ya dage ya riƙa samun 4.00 a sauran biyun, a wajen 3.00 zai tsaya. In na ajiye biron, yaron kan yi shiru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka ku riƙe aji ɗaya da hannu biyu.

Kuma kada ku raina kwas ɗin da Allah ya ba ku. Ku je Samaru ku ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Daga can aka fitar da irin masara na SAMMAZ, da wake na SAMPEA, da gyaɗa ta SAMNUT, waɗanda manoma ke shukawa a faɗin Arewa. Masu wannan aiki sun karanta fannonin da wasu ke kuka in an ba su.

Kowane kwas yana da abin da ke biye da shi, ya kamata ɗalibi da iyayensa su sani tun da wuri. Mai karatun lauya sai ya wuce makarantar horar da lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda, kafin ya tsaya gaban alƙali. Likita zai yi shekara shida, ya ƙara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan hidimar ƙasa. Akanta na da jarabawar ICAN ko ANAN a gabansa. Malamin makaranta na buƙatar rajistar TRCN. Duk wannan lokaci ne, kuma kuɗi ne.

Akwai kuma watannin SIWES, da ake tura ɗalibi ma'aikata ya koyi aiki. Wasu kan nemi wanda zai sa musu hannu a littafi su koma gida su kwanta. Wallahi suna cutar kansu. A can ne mutum ke fara taɓa na'urar da ya gani a allo, a can ne kuma wani babba zai ga ƙwazonsa ya tuna da shi ranar ɗaukar ma'aikata.

Game da digiri na biyu, ku shige shi da dalili. Wanda ke son koyarwa a jami'a ko bincike, ba makawa sai ya yi shi, har ya kai ga digirin digirgir. Amma wanda ya koma don kawai zaman gida ya ishe shi, yakan fito da takarda biyu da matsalarsa ta farko. Ku sani kuma, tallafin TETFund na ƙaro karatu na malaman manyan makarantun gwamnati ne, sai ka kama aiki ake maganarsa. Tallafin PTDF kuwa ya fi karkata ga fannonin mai da iskar gas. Kafin ka nemi gurbi, bincika wanda zai duba kundinka, ka karanta abin da ya rubuta, ka ji yadda ɗalibansa ke gamawa. 'Ya'yana mata, ku daidaita maganar ci gaba da karatu da manemanku a gaban iyaye tun kafin ɗaurin aure.

Matambayi ba ya ɓata. Kafin zangon nan ya ƙare, nemi mutumin da ya daɗe yana aikin da kake buri. Gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi yadda yininsa ke tafiya, da darasin da ya fi yi masa amfani, da abin da albashinsa ke iya ɗauka. Da amsarsa za ka zaɓi darussanka da taken bincikenka. Allah ya yi muku albarka, ya sa iliminku ya amfani al'umma.