Kayan da Ba Su Isa Kasuwa Ba

Na yi shekara goma sha ɗaya ina kai albasa, shinkafa da ruwan gora ga jiragen 'yan yawon buɗe ido a Bur Sudan. Galibinsu Turawa ne, su goya tulun iska su faɗa Bahar Maliya. Kullum sai in ce a raina: me mutum zai nema a ƙasan teku da kuɗinsa?

Wata rana wani matuƙi abokin cinikina ya ce, "Alhaji, yau kam sai ka gani da idonka." Ba mu yi nisa da tasha ba ya kashe inji, ya miƙo min gilashin nutso. Na riƙe igiya gam, na tsoma fuska. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ga jirgi kwance a gefe ɗaya, tsawonsa wajen mita 150, murjani ya lulluɓe shi, kifaye na shiga suna fita ta tagogi.

Sunansa Umbria, na Italiya ne. A 1940 ya ɗauko bama-bamai kusan 360,000, da siminti, da motocin Fiat, zai kai Masawa. Sojojin ruwan Ingila suka tsare shi a nan. Ranar 10 ga Yuni kyaftin ɗin ya ji a rediyo ƙasarsa ta shiga yaƙi, sai ya sa aka buɗe wa ruwa hanya a ɓoye, don kada kayan su faɗa hannun abokan gaba. Har yau suna ciki. Masu nutso kan kewaya motocin, amma bama-bamai sai kallo, ba a taɓawa.

Ni ɗan kasuwa abin da ya tsaya min shi ne kayan: an ɗaure, an yi lodi, ba su isa ba. Amma dai wannan asarar ce ta riƙa ciyar da matuƙa, masu dafa abinci da irina. Da ribar albasar nan na aurar da 'yata.

Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 baƙin suka ɗauke ƙafa. Matuƙin nan yanzu kamun kifi yake yi, bashina na wuyansa, ni kuma na kasa buɗe baki in tambaya. In na bi ta bakin teku da yamma nakan tsaya in dubi wajen. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, 'yan'uwa.